Sunana a Bakin Mma

Zango, Kumasi
Watan Rajab

Zuwa ga Baban Taufiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya zafin Doha, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Na san man da na ba abokinka Mutaru ya kai maka yana nan ko buɗe shi ba ka yi ba, don na san halin kayana. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Taufiq da Salwa suna gaishe ka.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na koma rubutu a takarda ina ɗaukar hotonta ina turo maka. Ka manta gidan haya muke? In na yi maka saƙon murya, kafin ya iso ka ya riga ya shiga ɗakin maƙwabciyata Barkisu. Abin da ke cikina kuwa ba na kunnen maƙwabta ba ne.

Jikin Mma da sauƙi, kan ne babu sauƙi. Likita ya ce gigin tsufa ne, ba ya komawa baya, sai dai a yi ta lallaɓawa. Shekaranjiya da safe ina ɗaura wa Salwa takalmi, na waiga babu Mma. A unguwar Alabar Taufiq ya tsinto ta, tsaye daidai inda take sayar da koko a da, tana faɗa da wani mai gyaran waya wai ya zauna mata a wuri. Yaron ya makara, aka sa shi sharar filin makaranta. Bai faɗa mini ba, a bakin abokinsa na ji.

Duk wannan ina ɗauka. Wanka, wanki, ba ta abinci a baki, ko sau ɗaya ban yi ƙorafi ba, uwata ce. Abu guda ne ya tsaya mini a rai. Ka san ni ce 'yar fari, ka kuma san al'adar mutanen Mma na can Dosso. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa a gaban mutane. Kunya ce, haka suka gada. Tun ina rarrafe ni "ke wannan" ce a bakinta. Ƙanwata Kausara kuwa har waƙa ake yi wa sunanta.

Yanzu ciwo ya kwashe wa Mma kusan komai. Ta manta Baba ya rasu, ta manta yadda ake ɗaura ɗankwali. Sai na ce a raina, to ai kunyar ma za ta bi sahu, kafin hankalin ya gama tafiya zan ji sunana ko sau ɗaya. Ina nan ina jira. Amma sunan kowa yana bakinta ban da nawa. Kausara da ke zaune a Accra, wadda ba ta taɓa wanke mata ko zani ɗaya ba, sai a kira ta tun safe har yamma. Ana kiran Barkisu, ana kiran Taufiq, har wata akuya da ta mutu tun ina firamare ana cigiyarta da suna. Ni da ke durƙushe ina yanke mata farce, ni ce ke wannan.

Jiya ta ɗora Salwa a cinya tana tsefe mata kai, tana ta maimaita sunanta kamar mai tsotsar alewa. Ban san lokacin da na daka wa yarinyar tsawa ba, na ce ta sauka ta je ta yi aikin makaranta, alhali ba a ba ta aikin komai ba. Ta tafi tana kuka. Kishi nake yi da 'yar cikina mai shekara biyar, Baban Taufiq. Ka yi dariya in ka ga dama, amma kada ka faɗa wa kowa.

Ka ci abinci da kyau, ka shafa man nan. Allah ya tsare mana kai.

Taka har kullum,
Habsa

*

Zango, Kumasi
Watan Sha'aban

Baban Taufiq,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata jiki da aiki lafiya. Na ga hoton da ka turo, ka rame, kada ka ce mini hular ce.

Kausara ta zo ta yi mana kwana biyu. Da ta shigo da turarenta da jakunkunanta, sai ka ce an kunna fitila a fuskar Mma. Matar da nake bi da cokali ina roƙo kafin ta haɗiyi loma uku, ta cinye kwanon tuwo tas daga hannun Kausara. Ita kuma tana ba ta tana ɗaukar bidiyo, ta tura wa dangi, aka yi ta sa mata albarka daga Niamey har Tamale. Ni ina bayan gida ina wanke zanin gadon da aka ɓata, babu wanda ya ɗauki wannan.

Da ta tashi tafiya sai ta fito da abin da ya kawo ta. Tana so ta ɗauke Mma bayan ƙaramar Sallah. Ta ce gidanta da fili, akwai 'yar aiki, ɗanta ya girma. Ta ce ni na lalace, yarana sun zama marayu da uwarsu a raye, ga Taufiq da jarrabawa a gaba yana bin kaka a titi. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya fi zafi. Sai ta ƙara da cewa ai Mma ba ta ma san ko ni wace ce ba, to mene ne bambanci in wata ce ke yi mata wanka.

Raina ya ɓaci, na yi abin da bai kamata ba. Na tara mu a gaban Mma, na nuna mata Kausara na tambaye ta wace ce wannan, ta faɗa har da murmushi. Na nuna Taufiq, ta faɗa. Na nuna Salwa, ta faɗa. Sai na dafa ƙirjina na tambaye ta. Mma ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya fuska ga bango. Na sake tambaya, ko motsi ba ta yi ba. Kausara kallona kawai ta yi, irin kallon nan na kin gani ko.

Ko kunya ce, ko mantuwa ce, ban sani ba, kuma na gaji da canki-canki. Na ce wa Kausara ta turo mota bayan Sallah. Tunda ita ce 'yar, ta je ta ji abin da ake ji. Na san za ka ce hakan ya fi wa yara, kuma na san kana da gaskiya. Amma ba don yara na yarda ba, don haushi na yarda.

Ka sa ni a addu'a, azumi ya ƙarato kuma zuciyata ba ta da tsabta.

Matarka,
Habsa

*

Zango, Kumasi
Bayan Sallah

Baban Taufiq,

Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana kana gida. Ina fata kana lafiya. Yara sun yi kyau cikin kayan da ka aiko, sai dai wandon Taufiq ya ɗage, ba ka san yadda ya miƙe ba. Ka yi haƙuri da shiruna na kwanakin nan, na rasa ta inda zan fara ne.

Mma ta kira sunana.

Ranar Talata ne da hantsi. Na gama shirya mata kaya a akwati, na zaunar da ita a ƙofar ɗaki ina shafa mata man kaɗe a ƙafa. Barkisu ta ƙwala mini kira daga tsakar gida tana neman aron rariya. Sai na ji an maimaita kiran a saman kaina, a hankali, da muryar da na fi sani a duniya. Na ɗaga kai. Mma tana kallona tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ta sake faɗa, ta ce suna ne mai daɗi. Wallahi don murna na ce yau Allah ya amsa.

Sai ta tambaye ni ko ni 'yar gidan wa ce. Ta ce hannuna da laushi, uwata ta iya tarbiyya, in na koma gida in gaishe ta. Ta tambaya ko masu gidan nan suna kyautata mini. Na daure na tambaye ta 'ya'yanta nawa. Ta ce guda ɗaya Allah ya ba ta, Kausara, tana Accra.

Na ƙarasa shafa man, don ba a barin ƙafa ɗaya. Sannan na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko ranar da Baba ya rasu. Salwa ta shigo ta zauna a cinyata, ban kore ta ba.

Ashe ran nan da ta juya ga bango ta san ni sarai. Ta manta mijinta, ta manta hanyar gida, amma ba ta manta ni ce ta farinta ba, kuma ba ta yarda ta yi rashin kunya a gabana ba. Shekara arba'in ina jin haushin ke wannan, ban taɓa lura ni kaɗai ake kira haka ba. Yanzu Habsa take kirana wuni guda, yadda take kiran Barkisu da mai kawo ruwa, kuma duk kira ɗaya sai na ji kamar an mare ni.

Kada ka zaci kishin ya warke. Ni Mma ta fara mantawa, Kausara tana nan daram a bakinta, kuma wannan ba zan yafe wa ƙanwata shi da wuri ba, ko da yake ba laifinta ba ne.

Na kira Kausara na ce kada ta turo mota. Mun yi faɗa sosai, ta ce ba ni da hankali, wataƙila kuma haka ne. Na ce in tana son taimako ta turo 'yar aikin nan ta zauna da mu. Taufiq zai riƙa karatu a ɗakin Barkisu har ya gama jarrabawa, shi da kansa ya kwance akwatin kakarsa. Na san na yanke ba tare da na ji ta bakinka ba, ka yafe mini.

Likita ya ce irin wannan ciwo wani lokaci yakan ɗaga na ɗan lokaci, mutum ya dawo hayyacinsa kafin ya sake tafiya. In hakan ta faru ba na so ta faru a Accra. Kullum da safe in na ɗauki kokonta, sai na tsaya a bakin ƙofa na yi addu'a kafin in ɗaga labule, Allah ya sa yau in ta gan ni ta kau da kai.

Ka gaida Mutaru. Ka dawo mana lafiya.

Taka,
Habsa, 'yar farin Mma