Ranar da Na Ba Mai Faci Aron Tabarau

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau. 'Yarki, amaryata, tana gaishe ki, ta ce kuma takalmin ya matse ta.

Albishirinki! Yau na yi karatu a gaban jama'a. Kin san shawarar da na kawo a taron iyaye na makarantar rainon su amarya, cewa kowane mako wani uba ko uwa ya zo ya karanta wa yara littafi. Malamarsu ta so kowa ya zo da abin da ya iya, na ce a'a, karatu dai. To, da ni aka fara. Na zauna a wata 'yar kujera, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, na karanta musu labarin akuyar da ta shiga mota, ko tuntuɓe ban yi ba. Amarya ta miƙe ta ce, "Kakana ne! Da bai iya ba!" Ta tona min asiri, amma daɗi kamar ya kashe ni. Ni da sai da na yi furfura na zauna ajin yamma ina haɗa baƙi!

Ina gamawa sai ga mai facin bakin titinmu ya zo ɗaukar 'yarsa, ƙawar amarya. Na ce, "Maƙwabci, shigo ka taɓa mana shafi ɗaya." Yara suka ɗauka, "Baba ya karanta! Baba ya karanta!" Ya ce ya baro tabaransa a rumfa. Nan take na cire nawa na miƙa masa. Ya sa, ya daɗe yana kallon shafin, ya ce ba su yi masa daidai ba, ya ja 'yarsa suka fita. Zan nemo masa wasu.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa. Na yi murna ƙwarai, har abokan aikina na karanta wa.

Amma Baba, ka taɓa ganin mai faci da tabarau? Mutumin da ke zaro ƙusa kamar gashin ido daga taya? Ka tuna ina ƙarama, in na kawo maka sakamakon jarrabawa, kakan ce, "Tabarau na ɗaki, karanta min." Alhali lokacin ba ka ma da su. Ba wanda ya taɓa cire nasa ya ba ka.

Don Allah kar ka saya masa komai. Kuma kar ka je masa da zancen ajin yamma, na san halinka.

A shafa min kan amaryarka.
'Yarka

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta same ni, na karanta ta a tsaye, na ƙarasa a zaune.

Tun ranar 'yar mai faci ba ta koma makaranta ba. Ƙusar da take rataya jakarta tana nan ba komai. Amarya ta ƙi cin abincinta na tara, wai da ita suke rabawa. Malama ta je wurin mai facin, ya ce mata makarantar ta 'ya'yan masu karatu ce, tasa za ta zauna a rumfa.

Na tura kekena na je. Na tarar da yarinyar zaune kan tsohuwar taya tana rera waƙar ƙirga da ake koya musu, ita kaɗai, in ta kai inda ake tafi sai ta tafa. Uwata, na kasa kallonta.

Ya matsa tayoyin biyu ya ce, "Dattijo, kekenka lafiya yake. Da wani abu?"

Kin hana ni, amma bakina ya riga ni. Na ce ni ma da haka nake, kuma ajin yamma na nan. Ya goge hannunsa ya ce, "Madalla. Ka gaida malaminku." Ya juya ga aikinsa.

Garin neman gira na rasa ido, kuma ba idona ba, na yarinyar da ba ta yi min komai ba. Daga can makarantar na wuce, na ba Malama haƙuri, na roƙe ta ta koma kan shawararta ta farko, ta sake zuwa wurinsa. Na ce in ganina ne ba ya so, wani ya riƙa kai amarya.

Ki sa mu a addu'a.
Mahaifinki

Zuwa ga Kakan Amarya,

Assalamu alaikum, Baba, ina gaisuwa. Yarinyar ta dawo yau da safe. Babanta bai shigo ba, a ƙofa ya tsaya, ya ajiye mana tsohon tif na taya da baho. Ranar Alhamis zai nuna wa yara yadda ake gano huji da kumfar ruwa.

Na faɗa masa abin da ka ce. Ya ce a'a, ka zo, yana buƙatar mai buga famfon iska. Sharaɗinsa ɗaya: mai buga famfo ba ya magana.

Ka huta lafiya.
Malamar ajinsu