Takalma a Bayan Buhun Shinkafa

Montreal, 9 ga Fabrairu

Yaya Guerline,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba, ya mutanen Jacmel? Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Autata Naika ta cika shekara bakwai. Ina shan maganina kullum, kar ki damu, likita ta ce ciwon nan na ƙwaƙwalwa mai hawa da sauka ya lafa.

To, makon jiya ya ɗan motsa. Kwana uku ban san gajiya ba, ina wanke gida ina waƙa, har na ce za mu tafi ganin teku. Ranar Asabar na shirya fita, na nemi takalman sanyina na rasa.

Na ce, "Naika, ina takalmana?"

Ta ce, "Oho, Mama. Zauna mana in taje miki kai." Na zauna, ta taje mini.

Da yamma na same su a bayan buhun shinkafa.

Yaya, kin tuna yadda muke ɓoye takalman Mama idan ta fara waƙa, don kar ta bi hanya? Allah shaida, ban taɓa ba yarinyar nan labarin ba.

Idan kin samu mai zuwa, ki aiko mini da gahawar gida. Allah ya bar mana ke.

Na mayar da takalman inda Naika ta ɓoye su. Ki gaya mini gaskiya, ke ce babba: Mama ma mayarwa take yi?

Ƙanwarki,
Mirlande