Na'urar Faifaina da Aka Ƙwace a Ɗakin Wankin Ƙoda

Daga: Majinyaci mai kati lamba 4417, gado na shida, Sashen Wankin Ƙoda

Zuwa ga: Mai Girma Babban Likita, Shugaban Asibiti

Ta hannun: Sakataren Asibiti

Kwanan wata: Juma'a, 18 ga Yuli

Game da: Ƙwace mini na'urar sauraron faifai da Babbar Sista ta Sashen Wankin Ƙoda ta yi ranar 3 ga Yuli, da abin da ya biyo baya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ne dattijon da ke kwanciya a gado na shida, kusa da taga, duk Litinin da Alhamis daga ƙarfe bakwai na safe zuwa sha ɗaya. Ma'aikatanka suna kirana Baba Mai Faifai, ban kuma taɓa jin haushin sunan ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin magatakarda a kotu kafin in yi ritaya, don haka na san inda takardun ƙorafi suke ƙarewa. Ina roƙon a yi wa wannan gata, a karanta ta tukuna kafin a ɗora mata wani fayil a kai. Maganar ta ƙaramar na'ura ce, amma da ita nake iya kwanciya awa huɗu a jikin injin da ke riƙe da raina. Ga bayanin daki-daki.

1. Asalin na'urar. Shekarata biyu da wata huɗu ana yi mini wankin ƙoda a asibitinka. Ba na jin kunyar faɗa cewa ni matsoraci ne a gaban wannan injin. Ganin jinina yana fita ta roba yana zagaye yana dawowa, da ƙarar da injin ke yi in wani abu ya ɗan kauce, suna sa jikina rawa. A watannin farko sau biyu na zabura allura ta goce, hannuna ya kumbura ya yi baƙi. A lokacin ne kuma hukumar asibiti ta liƙa sanarwa ta hana majinyata shiga da waya, saboda wani mara tarbiyya ya ɗauki hoton wata baiwar Allah tana kwance ya watsa. Na goyi bayan dokar, har yau ina goyon bayanta. Don in bi ta ne ma na je kasuwa wajen masu tsofaffin kaya na sayi wannan na'ura ta faifan sidi, wadda kuɗinta bai kai na kaza ba. Murfinta ba ya rufuwa sai an ɗaure da roba. Batir biyu take ci. Ba ta kira, ba ta amsa kira, ba ta kama gidan rediyo ko ɗaya. Tsohuwar Babbar Sista, Allah ya saka mata da alheri, ta duba ta gaba da baya, ta saurari waƙa guda, ta ce in ci gaba.

2. Amfaninta. A nan nake so Mai Girma ya ɗan tsaya, domin abin da sabuwar Babbar Sista ta ƙi saurara ke nan. Na'urar tawa mai araha ce, kuma aibinta shi ne ko yaya aka girgiza ta sai waƙa ta tsallake. Sai na riƙa ajiye ta a kan ƙaramin matashin da nake ɗora hannuna mai allura. Da hannun ya motsa, ko kaɗan ne, sai mawaƙin ya yi tuntuɓe a kunnena, ni kuma nan take in natsu. A haka na koyi kwanciya ba motsi. Faifai uku nake da su, duk tsofaffin waƙoƙin zamanin samartakarmu ne. Faifai ukun, sannan in maimaita waƙa huɗu na farkon faifai na ɗaya, awa huɗu ke nan cif. Ba na kallon agogo, ba na kallon jini. Sistar da ke zuwa auna hawan jini ita ke canza mini faifai, abin da ba ya cin mata ko rabin minti, wani lokaci ma har ta tambaye ni wace waƙa aka kai. Daga ranar da na fara haka zuwa 3 ga Yulin nan, allura ba ta sake gocewa a hannuna ba ko sau ɗaya. Fayil ɗina yana nan, a buɗe a gani.

3. Abin da ya faru ranar Alhamis, 3 ga Yuli. Da misalin ƙarfe takwas da kwata, idona a rufe, sai na ji an fizge wayar sauraro daga kunnena. Ba sallama, ba a taɓa kafaɗata ba. Na buɗe ido na ga sabuwar Babbar Sista, wadda kwananta huɗu ke nan a sashen, tsaye a kaina da na'urata a hannu. Na gaishe ta, na yi mata bayani cikin ladabi cewa wannan ba waya ba ce. Sai ta cire robar, ta buɗe murfin, ta ɗaga faifan, ta ga ɗan ƙaramin gilashin nan da ke karanta faifai. Ta ɗaga na'urar sama ta nuna wa duk ɗakin ta ce, ina kawo kalmominta yadda suke: “To ga idon nan. Baba, da girmanka kake ɗaukar mutane hoto?”

Ranka ya daɗe, akwai mata uku a kwance a ɗakin a lokacin. Ɗaya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Shekarata sittin da takwas, ina da 'ya'ya mata huɗu, ba a taɓa jifana da magana mai muni irin wannan ba. Maƙwabcina na gado na biyar, wanda muke kira Direba, ya ɗaga murya ya ce, “Haba Sista, idon da ke cikin rufaffen murfi, ƙarƙashin faifai, wa zai gani?” Ta ce masa in bai yi shiru ba shi ma za ta binciki jakarsa. Ta maida faifan, ta sa na'urar a aljihu ta fita. Ni kuwa ina ɗaure da allura biyu, ko tashi zaune ba zan iya ba, ta kuma san da haka.

Ina so a rubuta cewa duk yaron da ya taɓa buɗe irin wannan na'ura ya san aikin wannan gilashi. Abin mamaki ne a ce wadda aka ba amanar injuna goma sha biyu masu sarrafa jinin mutane ta kasa bambance abin karanta faifai da kyamara. In da gaske ba ta sani ba, abin tsoro ne. In kuma ta sani ta faɗa, to sharri ne, kuma ban yafe ba.

4. Neman a maido mini. Ranar Litinin, 7 ga Yuli, bayan an cire ni daga inji, jiri yana ɗibana, na je ofishinta. Ta ce an kai wa masu gadi. Shugaban masu gadi ya ce su ba su karɓi komai ba, in je sito. Mai sito ya buɗe littafinsa ya ce ba ya ajiyar kayan majinyata, in je ofishin walwala a hawa na biyu. Na hau matakala ashirin da biyu ina hutawa sau uku, aka ba ni fom, aka ce kwamitin kula da dokokin sashe zai duba, kuma kwamitin sau huɗu yake zama a shekara. Na tambayi yaushe ne zama na gaba, mai ba da fom ɗin ta ce ita ma ba ta sani ba, ta koma kan wayarta.

5. Ranar Alhamis, 10 ga Yuli. Wannan ne karo na biyu da na kwanta ba faifai tun da aka ƙwace na'urar. Babbar Sista ta ce ai ga talabijin nan a bango, kowa shi yake kallo, ni ba sarki ba ne. Ina roƙon Mai Girma ya sauko wata rana ya ga wannan talabijin. Tashar da ma'aikata suka fi so ake kamawa, kuma duk bayan minti goma sai an nuna tallan lemo mai sanyi yana zuba cikin kofi da ƙanƙara. Ana nuna wa mutane goma sha biyu da likita ya ƙayyade musu kofi biyu na ruwa a yini. Na kau da kai daga talabijin, idona ya faɗa kan robar jini. Da ƙarfe tara da minti goma injin gado na bakwai ya yi ƙara, na zabura, allura ta goce. Hannuna ya kumbura, aka tsayar da wankin saura kusan awa biyu. Abin da Babbar Sista ta rubuta a fayil ɗina shi ne, majinyaci ba ya ba da haɗin kai. Na ga rubutun da idona, domin shekara talatin da ɗaya na yi ina karanta rubutu daga ɗaya gefen tebur.

6. Ranar Litinin, 14 ga Yuli. An sha wuya kafin a sami jijiya a kumburarren hannun, sau huɗu ana soka. Da na fito zan wuce, ƙofar ofishin Babbar Sista a buɗe take. Na'urata tana kan teburinta. Ba ta wajen masu gadi, ba ta sito, ba ta gaban wani kwamiti. An ɗora kofin shayi a kan murfinta. Abin da aka ce haɗari ne ga mutuncin majinyata, shi aka mayar abin ɗora kofi, faifaina na ɗaya yana ciki. Na tsaya na yi sallama na nuna mata, ta dube ni sama da ƙasa ta ce magana tana hannun hukuma, ta tura ƙofa da ƙafa. Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu da nake rubutun nan bai huce ba.

7. Kada a ce in sayi wata. 'Yata ta biyu ta riga ta ce za ta sayo mini sabuwa, mai kyau, wadda ba ta tsallake. Na ce ta bari. Wadda ba ta tsallake ba ta da amfani a wajena, kuma kowace na kawo tana da irin wannan idon, za a sake ɗaga ta sama a gaban mata a kira ni abin da aka kira ni.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina neman abubuwa kamar haka:

(a) A maido mini da na'urata da faifaina da wayar sauraro. Robar murfin zan nemi wata.

(b) A kira injiniyan asibiti ya duba na'urar a gaban Babbar Sista, ya faɗa mata ko tana ɗaukar hoto, a kuma ba ni izini a rubuce da sa hannunka.

(c) A soke maganar rashin haɗin kai daga fayil ɗina, a rubuta gaskiyar abin da ya sa allura ta goce.

(d) Babbar Sista ta janye maganarta a ɗakin da ta yi ta, da muryar da ta yi ta. Ba na son haƙuri a ofis ƙofa a rufe.

Akwai abu guda da ya rage, na so in ɓoye shi, amma rajistarku za ta tona ni. Jiya Alhamis, 17 ga Yuli, ban kwanta a gado na shida ba. Na zo. Na iso ƙofar sashen ƙarfe bakwai saura minti goma, na ji ƙarar injuna daga ciki, ƙafata ta ƙi shiga. Na juya na je tashar mota na zauna a benci har sha ɗaya, sannan na koma gida na ce wa mai ɗakina wanki ya yi kyau. Shekara arba'in da aurenmu, ban saba yi mata ƙarya ba. Na san abin da likita ya faɗa mini game da tsallake wanki, ba sai an tuna mini ba. Yau da safe takalmina ya ƙi shiga ƙafata saboda kumburi. Ta gani, ta durƙusa ta danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta tashi ta ɗauko mini silifa.

Ranar Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe bakwai saura minti goma, in Allah ya kai mu, zan sake zuwa wannan ƙofa. Ina so in shiga, Ranka ya daɗe. Wallahi ina so. Amma ban san ko zan iya ba, ba kuma zan yi maka alkawarin abin da ban tabbata ba. Kwana uku ne tsakani, kuma daga ofishinka zuwa teburin da na'urar take hawa ɗaya ne kawai.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya sa kada ya san wannan gado sai dai a takarda.

Naka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Baba Mai Faifai
Magatakardan kotu mai ritaya
Kati lamba 4417, gado na shida