Tattabaruna Ba Sa Cikin Rabo

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce mahaifiyarku, kakar waɗannan ɓerayen da suka hana ni barcin rana, kuma hankalina garau yake. Mai shakka ya zo in lissafa masa duk kwanon da ya fasa mini tun yana rarrafe. Ƙafafu ne suka ƙi, numfashi ya fara yi mini rowa. Likita ya ce in huta. Ina hutu, ga tattabaruna suna kuka a saman bene, ni kuwa matakala ta gagare ni? Na juya dama, na juya hagu, na ce gara a ba ni biro.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda Allah ya ce. Tabarau ɗina dai a ba Babba, ko ya riƙa ganin abin da ke gaban hancinsa.

Na biyu. Tattabaru na cire su daga rabo, na ba Takwara, 'yar Auta. Na ji ku a falo kuna zaton barci nake. Wai kowa zai ɗauki mace da namiji ya kai gidansa don tunawa da ni. Nas 'yata, ke kika kawo shawarar, har kina cewa adalci ke nan. To, wannan adalcin kashe su zai yi. Biyun da za ki ɗauka, in ba wa da ƙanwa ba ne, uba ne da 'yarsa. 'Ya'yansu kuma wa za su aura?

A kwando na shigo gidan nan da kakanninsu, masu tukku a ka, da gashi a ƙafa kamar sun sa safa. Ku duba garin nan da kyau. Tattabarun tashar mota toka-toka ne, ɓarayi. Na bayan injin niƙa jibga-jibga, ba sa son tashi. Sama ɗaya ce a kansu, ba wanda ya ɗaure su, amma kowane rufi a cikinsa yake aurensa, har ya yi kamanninsa. Takwara, da ke karanta irin wannan a jami'a, ta ce masana suna da suna ga garken da ke zaune wuri ɗaya yana haihuwa a tsakaninsa. Ta faɗa mini sunan, ya nemi haƙoran da zai maƙale bai samu ba. Abin da na riƙe shi ne, irin wannan garke da abu biyu yake tsayawa: ya kasance da yawa, kuma baƙo ya riƙa faɗowa jefi-jefi.

Na uku. Babba, ka cire ragar da ka kewaye ɗakinsu da ita. Na san da kyakkyawar niyya ka sa, ranar da kuka yi cacar baki da Tela na tsallaken titi, don baƙin namijinsa ya shigo mana aka ƙyanƙyashe 'ya'ya kwalkwal, ba tukku. Ka ce kana tsare jinin tattabarun uwarka. Tun daga nan me muka gani? Ƙwai sai baragurbi. Wanda ya fito kuma ƙafa a karkace, har da makaho da ba ya gane kaskon ruwa. Da can na Tela yakan shigo, ya yi surukuta, a jikoki tukku ya dawo, ga ƙirji ga fiffike. Yanzu duk safiya ina kasa kunne, muryoyin sai raguwa suke. Abin da ke hana ni kwanciya ke nan, ba ciwon ba.

Na huɗu. Bashi ɗaya nake da shi, kuma mai fiffike ne. Namijin Tela raga ta rufe da shi, a wurinmu ya mutu. Babba, ka zaɓi namijin da ya fi kowa tukku, ka tsallaka titi da kanka, ba aike ba. Ka gaishe shi, ka ba shi, ka roƙi biyu daga nasa. Mutumin da ya ɗinka maka wandon makaranta ne, ya san tsawonka tun ba ka kai teburinsa ba. In bakinka ya yi nauyi, miƙa masa tsuntsun, shi zai yi maganar.

Na biyar. Takwara, ke kuma kada ɗoki ya ɗebe ki ki cika kwando a kasuwa ki juye musu. Baƙo ɗaya ko biyu ya isa. In suka yi yawa, tukku ya tafi ke nan, sai ki wayi gari kina kiwon ɓarayin tasha da sunana. A canza musu ruwa kullum. Duk wanda saman bene ya faɗo a rabonsa, ya bar mata hanyar hawa, kuma kada mukulli ya taɓa shiga tsakanin Nas da matar Babba kamar bara.

Mai son tunawa da ni ya zo nan ya hau matakala, ya tarar da 'yan'uwansa. Ku zo da yara, har da angwayena marasa wando da ba su taɓa ba ni ko cefanen yini ba. Kada ku watse biyu-biyu kowa ya ja ƙofarsa. Ku zauna tare, ku bar wa maƙwabci hanya.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuri'a, ya haɗa kanku. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini tsiyata.

Ragar nan dai ba sai na mutu ba. Babba, filaya tana cikin durowar kicin. Ajiye takardar ka hau, ina kwance ina sauraro.