Gwangwani Biyu a Ɗakin Tattabaru

Jáchymov, 3 ga Oktoba

'Yata Drahuše,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mijinki Hynek da sabon abokina Matouš kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a aji biyar malam ya ce in je in taimaki duniya ta wani ɓangaren.

Gwangwanayen awo biyu da kika aiko sun iso, kamar na man takalmi. Na girgiza, ba abin da ya motsa. Kin ce akwai wata iska, radon, mai tasowa daga ƙasa, ba wari ba launi, tana taruwa a ɗaki tana cin huhu a hankali, kuma ba za ki kawo jariri gidan nan ba sai an auna. 'Yata, a garin nan Jamusawa ke yin layi su yi wanka da ruwanta saboda ciwon gwiwa. Mu har gida take biyo mu. Amma na ji: wata biyu, ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin kwana.

Babanki mai biyayya,
Vendelín

Plzeň, 12 ga Disamba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Sakamako ya fito: goma sha biyu. Abin da ba a so a wuce ɗari uku ne. Mai awon ya ce bai taɓa ganin gida irin naka a Jáchymov ba. Saboda haka za mu zo Kirsimeti, mako biyu. Matouš zai kwana a tsohon ɗakina, jikin bango.

Ka huta lafiya,
Drahuše

Jáchymov, 15 ga Disamba

'Yata,

Gaisuwa a gurguje. Kada ku zo.

Na karanta wasiƙarki sau uku, na je na tsaya a ɗakin, ina kallon inda za a sa gadon yaron. Gwangwanayen nan ba su kwana a gida ko sau ɗaya ba. A ɗakin tattabaru na rataye su, can saman rufi inda iska ke wasa. Lafiyar tattabaru aka auna miki, kuma na yi murna suna ƙalau.

Ga dalili. Lokacin da na gina gidan nan, babu bulo. Kowa a layinmu tsibin duwatsun da aka zubar daga ramin ma'adinai yake zuwa ya ɗebo a baro. Ni da mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, bazara uku muna turawa. Bangon ɗakinki da su aka yi, kuma an ce irin duwatsun nan suna fitar da iskar. Na ji tsoro a auna a ce a rushe, in koma bene hawa na shida a Plzeň ina yi wa motoci sallama ta taga.

Na iya yi wa gwangwani ƙarya. Yaro mai wata huɗu kuwa na kasa. Ki aiko wasu.

Babanki, tsohon banza,
Vendelín

Plzeň, 18 ga Disamba

Baba,

Na sani. Ɗaya ya dawo da gashin tattabara manne a gindinsa. Ban sayi tikitin jirgin ƙasa ba, wasiƙarka nake jira. Hynek ya ce ba za ka rubuto ba, na ce bai san ubana ba.

Ba wanda zai rushe maka gida. Ana gyarawa. Ga wasu biyu nan.

Taka,
Drahuše

Jáchymov, 20 ga Afrilu

'Yata,

Gaisuwa, da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Sakamakon gaskiya: dubu biyu da ɗari ɗaya! Tunda nake ban taɓa cin maki mai yawa haka a jarrabawa ba.

Matar da kika turo, Injiniya Šimková, ta zo da ma'aikata biyu. Ta leƙa ɗakin ƙasa inda nake ajiye dankali ta ce, “Baba, wa ya yi maka wannan daɓen?” Na ce wani gwani ne. Ta ce, “A kama shi.” Na ce ya tsufa, a bar shi da Allah. Bangon ma ta ce laifinsa kaɗan ne, ta tsagogin daɓe abin yake shigowa. Sun toshe su, sun haƙa rami a ƙarƙashi, sun sa bututu har saman rufi da 'yar fanka mai zuƙe iskar tana fitarwa dare da rana. Bangon ɗakinki sun yi masa sabon shafe, sun huda masa mashigar iska.

Maƙwabcina Kubát ya zo yana dariya wai na yi wa gida hanci. Da ya ji lambar sai ya daina dariya, don tare muka tura baro. Jikokinsa uku suna kwana a gidansa. Yana roƙon ki aiko masa da nasa gwangwanayen.

Bayan gyaran an sake rataye mini sababbin gwangwanaye. Šimková ta ɗaure su da hannunta, ta kalle ni, na kalli ƙasa.

Babanki,
Vendelín

Jáchymov, 29 ga Yuni

'Yata,

Ɗari da arba'in. A ɗakinki aka auna, ƙofa da taga a rufe, ni kuma ina kwance a ciki kwana sittin don kada a ce ba shaida.

Jirgin Asabar yana isowa sha ɗaya da kwata. Zan sa kwat. Ki gaya wa Matouš mai manyan kunnuwan nan ne kakansa, kada ya tsorata.

Na gode, Drahuše.

Baba