Sunan wa zan bari a gurbin uba?

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni 'yar fari ce, an haife ni a Kekun Waje ta Bungudu, ana yaye ni Kawu, yayan mahaifiyata, ya ɗauke ni riƙo ya kai ni Tsafe, saboda Allah bai ba shi haihuwa ba. Shi ya sa ni a firamare, da malami ya tambayi sunan uba ya ba da nasa, a lokacin wa ya damu? Haka sunan ya bi ni har sakandare, har jami'a a Gusau, yanzu ina aji biyu.

Akwai sikolashif da tsofaffin ɗaliban makarantarmu suka kafa tun da daɗewa don 'ya'yan manoma masu ƙoƙari, ba a duba ɗan wane, maki kawai ake dubawa. Wata malamarmu ma da shi ta yi karatu. Suna ɗauke rajista da hostel da littattafai har ka gama. Bana sunana ya fito, wallahi sai da na yi sujada, don Kawu ya yi ritaya, gonarsa kuma ba ta shiguwa saboda rashin tsaro, ya riga ya ce min baɗi sai dai na dakata.

To wajen tantancewa aka ce na kawo shaidar ƙaramar hukuma, tawa ta Bungudu ce da sunan Baba, takardun makaranta kuma sunan Kawu. Matar ofishin ta ce ita mutum biyu take gani. Ta ba ni zuwa Alhamis na je kotu na yi rantsuwa na tsayar da suna ɗaya, in ba haka ba a ba na bayana.

Na samu Kawu da maganar mayar da sunan Baba. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi shekara ashirin ba wanda ya taɓa ce masa marar ɗa sai yau, kuma a bakina. Tun ranar ko ruwa na kai masa sai Inna, matarsa, ta karɓa ta miƙa.

Na tafi Kekun Waje wajen Baba, mutumin da saboda kunyar 'yar fari ko sunana bai taɓa kira ba. Na same shi yana gyaran rumbu, na gaya masa komai. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ki bar na kawunki, shi ya yi wahalarki. Ni mi ni yi miki?" Da na juya zan tafi na ga yana goge ido da hular kansa. Har na iso Gusau kuka nake a mota.

In na bar sunan Kawu, sai na rantse cewa shi ya haife ni, ƙarya ke nan, kuma na goge Baba da hannuna. In na mayar da na Baba, ban san da wane ido zan ƙara shiga gidan da aka raine ni ba. In na ƙi duka biyun karatu ya tsaya.

Malamai da iyaye da ke cikin gidan nan, yau Talata. In 'yarku ce ni, wanne za ku ce ta yi?