Inabin da Inna ta sa wa albarka

Alhamis da dare, wani ƙauye arewa da Lyon

Kwana tara ke nan da na baro Saint-Denis da jaka a baya, na zo tsinkar inabi kafin a koma makaranta. Bayana kamar an daka shi a turmi. Yatsuna sun rine, sabulu ya kasa.

Yau Inna ta kira daga Damagaram ina tsakiyar gona. Da na ce mata aikin gona nake yi, sai ta yi wata dariya da rabona da jin irinta tun rasuwar Baba. "Ashe jinin ubanka bai bar ka ba! Me kuke girbi?" Na ce inabi. Ta ce, "Kayan marmarin Aljanna! Allah ya yi albarka, ya amfani duk bakin da ya taɓa shi."

Na ce amin.

Ban gaya mata cewa giya ake yi da shi ba. Tun ranar farko na sani. Na riƙa ce wa kaina ai mai girbin dawa ba ruwansa da mai burkutu. Kwana tara wannan magana tana riƙe da ni, yau ta sake ni.

Mai gonar ya ce saura kwana huɗu. Na haɗa jakata, na kwance, na sake haɗawa. Na yi alwala, baƙin yatsun na nan.